Wa Zai Yanke Shari'ar Tasalla

Illela, farkon Rajab, shekara ta tara da zuwan Nasara

Daga Maharazu zuwa ga taubashina Junaidu, magatakarda a Birnin Sakkwato. Gaisuwa da aminci.

Bayan haka, ina sanar da kai, kai kuma ka sanar da manyan Birni, cewa turmin haƙorina na hagu ya yi murabus ranar Lahadi da hantsi, bayan shekara arba'in yana aiki ba hutu. Ƙashin busasshen kifin Kalmalo ne ya tuɓe shi. An binne shi bayan rumbu. Matata Lubabatu kaɗai ta halarta, ita ma dariya ce ta kawo ta. Ban da wannan rashi lafiya muke. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Ka gaida Mairo da yara.

Yanzu ga abin da ya sa na ɓata takarda. Ka san Tasalla, matar ƙanena marigayi, wadda ke zaune a gidana da ɗiyanta biyu, Umma da Idi. Ka kuma san Hamidu mai raƙuman gishiri, wanda ke da gida a nan da gida a Ƙonni, wajen Faransa. Bara ya tashi ya ce uwar Tasalla baiwar ubansa ce da ta gudu, saboda haka Tasalla gadonsa ce. Ya kawo shaidu biyu cikin masu ja masa raƙuma, alƙalin ƙasarmu ya ba shi. Muka ɗaukaka ƙara zuwa Birni, sai babban alƙali ya rasu kafin a kira mu. Tun daga nan muke jiran wanda za a naɗa. In Hamidu ya ci, zai wuce da ita dutsen iyaka, inda takardar Birni ba ta da ƙafa. Yaran kuwa bayan dokar Nasara aka haife su, ba mai ba shi su. Uwa can ke nan, ɗiya nan. Idi bai daɗe da yaye ba.

Cikin waɗanda suka san uwar Tasalla 'ya ce ba baiwa ba, haifaffiyar Tozai, ni kaɗai na rage a duniya. Shaidata ita ce duk abin da muke da shi.

To, jiya fatake suka zo da labari wai majalisa ta miƙa sunan Malam Dabo, saura Razdan ya sa hannu. Junaidu, Dabo! Zaure ɗaya muka yi karatu da shi, na san shi tun ba shi da gemu. Ban ce ba shi da ilimi ba. Fiƙihu na cikin kansa kamar hatsi cikin rumbu, rumbun kuma a liƙe. Amma lokacin da yake alƙalanci a ƙasarmu na taɓa zuwa gabansa shaidar wata gona, ya ƙi karɓa. Wai an gan ni ina cin ƙosai a tsaye a tsakiyar kasuwa, mai yin haka kuwa ba shi da kamala. Yana cikin littafi, ban musa ba, ni ma na karanta wurin. Sai dai wanda ya rubuta littafin bai taɓa ɗanɗana ƙosan Illela ba.

Mutumin da ya kori shaidata a kan gona, zai karɓe ta a kan mutum? Ga Malam Maccido da ake ta ambato tun farko: ɗan gidan ilimi, mai fara'a, ya san mutane, ya san ubana. In ka gaishe shi ya amsa, in ka kai masa goro ya karɓa ya sa albarka. Alƙalin da ake iya yi wa magana muke so. Kai da ke shiga zaurukan manya da tawada a hannu, ka jefa kalma inda za ta yi amfani.

Wassalam.

Birnin Sakkwato, tsakiyar Rajab

Daga Junaidu zuwa ga taubashina Malam Maharazu. Gaisuwa da girmamawa.

Na yi maka ta'aziyyar haƙori, Allah ya tsayar da sauran. Mu ma lafiya, sai idona na dama da ya fara ja yana ruwa. Mairo na sa mini kwalli, tana gaida Lubabatu.

Taubashi, ni magatakarda ne. Ana faɗa, ina rubutawa. Ba a tambayata wanda ya dace, kuma da za a tambaye ni, Dabo zan ce. Ka yi haƙuri. Tun da ya baro ƙasarku yake muhuti, mai taya duba hukunci, a gaban marigayi babban alƙali, ina ganinsa kusan kullum. Na ga ranar da wani bafade ya zo shari'a da wani makiyayi, ya nemi a shimfiɗa masa buzu shi kaɗai. Dabo ya ce tabarmar da makiyayin ke kai ta isa mutum biyu. Na ga ya tsayar da hukunci, an riga an ɗauki alƙalami, don wata tsohuwa ta ce tana da sauran magana.

Mutane ba sa sonsa, wannan gaskiya ne. Ba ya zuwa walima, ba ya doguwar gaisuwa, in yana riƙe da shari'arka ko a masallaci ba ya kallonka. Yana kuma da jinkiri. Abin da wani zai gama kafin azahar, shi sai ya kwana yana juya shi. Wannan aibi ne, na yarda, kuma masu goyon Maccido a kansa suke tsaye.

Shi Malam Maccido ban san shi da mugunta ba. Amma ƙofar tasa da ke buɗe maka, ba kai kaɗai take buɗe wa ba. Kai goro gare ka. Hamidu raƙuma gare shi. Ka lissafa.

Batun ƙosai kuwa, kai ma ka san ba shi kaɗai ba ne. Mutanen ƙasarku sun ba ni labari cewa ranar ka tsaya gaban alƙali kana kwaikwayon tafiyar mai gonar har masu kallo suna faɗuwa.

Ka ce wa Tasalla ta yi haƙuri, kuma kada ta je rijiya ita kaɗai.

Illela, ƙarshen Rajab

Daga Maharazu zuwa ga Junaidu. Gaisuwa.

Takardarka ta iso. Na karanta ta a tsaye, don girmama waliyyin da ke cikinta. Idonka kuwa ba kwalli yake so ba, ka rage kallon rubutun Nasara da ke tafiya baibai, zai warke.

Ka kira jinkiri aibi kamar kana maganar tabo a riga. Zo ka gani. Duk ranar da raƙuma suka durƙusa a zango, Tasalla sai ta kwashi yaran ta shige ɗakin Lubabatu ta ja asabari. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa kasuwa. Umma ta tambaye ni wai in an tafi da innarta, wa zai yi mata kitso. Na karanta littattafai da dama, ban sami amsar ba.

Kuma ka duba yadda naka zai yi. Zai buɗe littafi, littafi ya ce mai ƙara ya kawo shaidu biyu. Hamidu na da su, ƙosassu, ba a taɓa ganin ɗayansu yana cin abinci a kasuwa ba, don Hamidu ke ciyar da su a gida. Dabo zai ƙirga biyu a can, ya ƙirga mai ƙosai ɗaya a nan, ya yanke, ya je ya yi sallarsa da natsuwa. Maccido kuwa zai dubi fuskar matar, ya dubi yaran, ya tuna gidan da suka fito. Ni na fi son alƙali mai ido a kan alƙali mai littafi, ko da idon na ɗan lumshewa wani lokaci.

Tun da kana tara karamomin Malam Dabo, kada ka manta da babbar. Ina nufin tafiyarsa Ƙonni da ƙwaryar ƙwan zabi a ka, ranar da ya je yi wa Kumandan Faransa mubaya'a. Duk Illela ta gan shi, ya tafi da ƙwai ya dawo ba ƙwai. In an naɗa shi, sai ka fara koyon Faransanci tun yanzu, kada a bar ka baya a wurin aiki.

Na aika wa Malam Maccido goro da damin kifi ta hannun mai kawo maka wannan. Gaisuwa ce kawai.

Illela, ƙarshen Sha'aban

Junaidu, gaisuwa. Muna lafiya.

Wata ya kusa mutuwa ban ji daga gare ka ba. In fushi ka yi, taubashi ba ya fushi, ka tambayi kakanninmu da suka bar mana wannan gado. In ido ne, ka sa a rubuta. Na san gulbi ya cika, fatake na kwana a bakinsa, amma jakunan goro sun ƙetaro, takarda ba ta fi su nauyi ba.

Ranar kasuwa an ga yaran Hamidu sun bi hanyar Birni suna jan wani doki ɗan Azbin, ba sirdi, ba mahayi. Dokin da ba a hau ba, kai shi ake yi. Na tambaya, aka ce sayarwa. Hamidu da kansa ya tsaya ƙofar gidana ya gaishe ni, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar kowa da sunansa. Da ya zo kan Tasalla sai ya ce, “Ya tawa?”

Ban yi masa ba'a ba. Ka ga kuwa abin ya kai.

Ka rubuto.

Birnin Sakkwato, goman tsakiya na Azumi

Daga Junaidu zuwa ga Malam Maharazu. Gaisuwa. Ido ya buɗe, alhamdu lillahi. Ba wannan ne labarin ba.

Takardarka ta ƙwan zabi ta same ni idanuna duka biyu a rufe. Ina zaune a zauren ubangidana bayan la'asar, zaure cike, ɗan aike ya miƙo ta. Ka san al'ada, takardar da ta zo cikin mutane ba a ɓoye ta. Ubangidana ya ce limaminsa ya karanta mini. Ni kuma da wautata na ce, a karanta, taubashina ne na Illela, za ku yi dariya. Aka yi ta dariya har aka zo kan Kumandan. Daga nan ba wanda ya sake motsi.

Ni na san labarin. Wata mata mai shari'a a gabansa ta ajiye masa ƙwai a ƙofar gida ta koma Ƙonni, ya bi ta da ƙafa ya mayar mata da abinta. Na faɗa musu haka. Na ce wasan taubasai ne. Wani daga mutanen Maccido ya ce, “Taubashinka ne kai, ba taubashin Dabo ba. Kuma ga shi a rubuce.” Cikin zauren akwai masinjan Razdan. Kashegari aka zo aka karɓi takardar, tafinta ya juya ta. Nasara ba su san taubasantaka ba, tafinta kuma ba ya juya dariya. Abin da ya isa gabansu shi ne, wani malami na bakin iyaka ya shaida cewa wanda za a ba shari'ar ƙasa duka ya yi wa Faransa mubaya'a.

An kira Dabo. Ka je Ƙonni? Ya ce ya je. Da ƙwai? Ya ce da ƙwai. Na wa? Ya ce na mai su. Aka ce ya ƙara bayani, ya ce wanda ya yi zargi shi ke kawo hujja. An dakatar da sunansa.

Dokin da ka gani yana ɗaure a ƙofar gidan Malam Maccido, na wuce na gan shi yana cin harawa. Kifinka ma an karɓa, an sa albarka.

Majalisa za ta zauna bayan Salla. In ba abin da ya sake, sunan Maccido za a miƙa. Ni ba zan kasance ba, an sa ni cikin masu fita ƙirgar jangali wajen Tambuwal, kuma na san dalili.

Kada ka aiko takarda, takarda ce ta kawo mu nan. Ka zo da bakinka. Amma ka san abin da ke ciki kafin ka ɗaura wa jaki kaya. In ka tsaya gaban majalisa ka ce abin da ka rubuta ba gaskiya ba ne, ka zama wanda ya yi wa malami ƙage da hannunsa. Bayan wannan ba alƙalin da zai karɓi shaidarka, Dabo ne ko wani, har a shari'ar Tasalla. In kuma ka zauna, shaidarka na nan da ƙarfinta, sai ka kai ta gaban mai doki.

Ban san wanda ya fi ba. Kai ne mai karatu.

Birnin Sakkwato, ƙarshen watan Salla

Daga Maharazu zuwa ga taubashina Junaidu, inda duk shanu suka kai shi. Gaisuwa da aminci.

A zaurenka nake rubuta wannan, da tawadarka. Iyalinka lafiya. Mairo ta sauke mu da kyau, ko da yake ba ta yi mini magana ba sai da aka kwana biyu.

Da takardarka ta iso, na yi ta juya ta har Lubabatu ta ce ko hatimi nake nema a ciki. Daga baya na kira Tasalla na karanta mata duka, ban rage komai ba. Na ce mata shaidata ita ce garkuwarta, in na je na faɗi gaskiya na karya ta. Ta ce, “Malam, shaidar taka ta hana alƙalin nan ba shi ni?” Na ce a'a. Ta ce, “To mi kake tattali? Tashi ka gyara abin da ka ɓata. Amma ƙafarka ƙafata, ba ni zama Illela kana Birni.” Haka muka taho, da ita da yaran.

Majalisa ba ta ba ni wurin zama ba. Aka ɗaga takardar aka ce, kai ka rubuta? Na ce ni ne. Na fara bayanin taubasantaka tun daga kakanni, na kawo misalai, har na ji daɗin muryata. Wani dattijo ya katse ni. Ya ce, “Malam, ba tarihi munka tambaya ba. Ƙarya ce ko gaskiya?” Na ce wasa ne. Ya ce, “Ƙarya ko gaskiya?” Junaidu, na yi shekara talatin ina karantar da mutane, ina ɗaura aure, ina raba gado. Na ce ƙarya ce. Tafinta ya juya, wannan karon bai sha wahala ba. Aka rubuta, aka ce in tafi.

Bayan Juma'a aka naɗa Dabo. Na gamu da shi a ƙofar masallaci, na buɗe baki, ya wuce kamar ya ga turke.

Shari'armu ce ta uku da ya kira. Hamidu ya zo da riga mai aska takwas, aka nuna masa tabarmar da Tasalla ke kai. Ya duba, ya duba, ya zauna a bakin-bakinta. Shaidunsa suka yi magana, tsaf, ba tuntuɓe. Dabo ya sa aka bincika halinsu, ba a sami komai ba. Na miƙe. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Zauna, Maharazu. Ka san dalili.” Na zauna. Ya ce a dawo gobe. Tasalla ba ta ci komai ba ranar. Na ji tana gaya wa Umma yadda ake dama wa Idi kunu, da yawan tsamiyar da ake sakawa. Ni kuwa na zauna ina tsine wa ranar da na saurare ka.

Kashegari ya sake cewa a dawo. Rana ta uku ya dubi Hamidu.

“Kana Illela anka ɗaura auren wagga mata?”

“Ina nan, Allah gafarta Malam.”

“An kai maka goro?”

Hamidu ya gyara zama. Ka san shi da son a san shi. Ya ce, “Ai ba a ɗaurin aure Illela ba a kai mani goro ba. Raƙumina ma anka ara anka ɗauko kayan ɗakinta.”

“Ubanka na da rai lokacin?”

“Ya rasu.”

“To kai ne magaji ke nan. Wa ya ba da ita?”

“Wani kawunta, daga Tozai.”

“Kai mi ka ce?”

“Na shafa fatiha awa kowa.”

Dabo ya ajiye alƙalami. Ya ce baiwa ba ta aure sai da izinin ubangijinta. Ya ce, “Kana zaune wani ya ba da baiwarka, ka ci goro, ka ba da raƙumi, ka shafa fatiha, ka yi shiru har ta haifi biyu, har mijin ya mutu. Wa ya kama maka baki?” Hamidu ya ce shaidunsa fa? Dabo ya ce, “Shaidunka sun faɗi abin da sunka ji. Kai ka faɗi abin da ka yi. Kana da sauran magana?” Ya jira. Ya daɗe yana jira, har na fara jin haushinsa. Sannan ya ɗauki alƙalami ya yanke.

Ni ma ina wurin wannan ɗaurin aure, Junaidu. Ni na miƙa wa Hamidu goron da hannuna. Babin kuma na karantar da shi ba sau ɗaya ba. Ko a mafarki bai zo mini ba.

Da aka yanke, Tasalla ba ta gane ba. Ta ci gaba da zama, tana riƙe da gefen tabarma. Sai da dogari ya ce mata, “Tashi, ke ɗiya ce, tafi gida.” Ta ce, “Da yaran?” Ya ce, “Da wa kika zo?” Ta saɓa Idi, ta kama hannun Umma, ba ta tsaya jirana ba. A ƙofar gari na cim musu.

Gobe za mu kama hanya. Na ji labari ya riga ni zuwa Illela, kuma an ba wani malami ɗaurin auren da aka yi mini alkawari. Zan saba.

A kan Malam Dabo, kai ka yi daidai, ni na yi kuskure. Na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran na biyu.

Wassalam.